Wardin Bayan Ɗakina

Ruwan da aka tafka ranar Talatar nan, tun hantsi har bayan la'asar, shi ya tono mini wannan zance. Ina zaune bakin ƙofa ina kallon tsakar gida ta zama tafki, sai ga ɗana Sanusi ya shigo da wando a naɗe har gwiwa.

"Hajiya, bana kam sai an yi magudana ta siminti. Zan kira magini ya ja ta daga nan, ta bi bayan ɗakinki ta fice. Fulawar nan taki sai a tumɓuke ta a dasa a bokiti."

Na ce, "Ka tuna hannun Baba Iro?"

"Wanda rumbu ya faɗa wa?"

"Haka aka gaya maka."

Ya tsaya yana dubana, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ban ƙara masa komai ba. Bakin da ya shekara arba'in da ɗoriya a rufe ba ya buɗewa don an ƙwanƙwasa sau ɗaya. Amma hannuna bai yi wa kowa alkawari ba. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro, to yau ga ranar amfaninsa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, ƙasar dawa da masara da auduga. Nan aka kawo ni aure, nan na haifi 'yata ta fari. Wata huɗu ta yi a duniya, ƙyanda ta shigo gari da bazara, ta ɗauke ta tare da yara da dama. A wancan zamani a ƙauyenmu ba a kai jariri maƙabarta. Maigidana da mahaifinsa suka haƙa rami a bayan ɗakina, a kusurwar katanga, suka sa ta, suka baje ƙasa. Ko dutse ba a ɗora ba.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai ta juya baya. Wata huɗun nan ban taɓa faɗin sunan yarinyar da bakina ba, sai dai in ce "waccan". Ranar da ta rasu kuka ya ƙwace mini, surukata, wadda muke kira Inna, ta dafa kafaɗata ta matse.

"Ke Kande, 'yar fari ce fa. Haɗiye."

Na haɗiye. Har yau yana nan inda na haɗiye shi.

Mutum ɗaya ce ta gane halin da nake ciki: Rifkatu, ƙawata, Kirista ce daga unguwar da ke hayin rafi, tana shara a ɗakin shan magani na mishan. Wata rana ta zo da wani ɗan kara mai ƙaya, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma.

"Sunansa wardi. Wata nas ce ta kawo uwarsa daga Jos. Can sanyi ne, yana sakewa. Nan kuwa sai kin yi masa bauta, kuma ya fi hawainiya nawa." Ta rage murya. "Mu muna sa wa namu fure. Ku ba ku yi, na sani. To ke ba ki sa wa kowa fure ba. Ƙaya kika dasa a bayan ɗakinki. Wa zai tuhumi ƙaya?"

Na dasa shi daidai inda na san kan yarinyar yake.

Shekara uku ina bautar nan. Shekarar farko na yi masa kuskuren 'yar manoma: na ga masara na murna da takin zamani, na saci cikin tafi ɗaya na zuba masa a gindi. Kwana biyu ganyen ya ƙone ƙurmus kamar an babbake shi. Da ƙyar ya farfaɗo. Daga nan na koyi tsohon kashin awaki wanda ya riga ya huce, da toka a kewaye saboda gara, da ruwan ganyen bedi saboda ƙwari, da kafa masa guntun zana ta yamma don kada ranar azahar ta dafa shi. Na koyi ba shi ruwa a gindi tun da sassafe, ba a ka ba. Da damina wani baƙin tabo kan fito wa ganyen, ya yi rawaya ya zube, sai in tsince ɗaya bayan ɗaya in jefa a murhu.

Amma fure ya ƙi. Da zafi ba ya ko motsi. Sai ruwa ya zauna yake toho, ya yi ƙulli kamar ƙwan tantabara, falle a kan falle kamar albasa. Shi kuma ba ya buɗewa kwana ɗaya ko biyu irin furen kabewa, sai ya ɗauki mako da kwanaki yana shawara. Kafin ya gama shawarar marka ta riske shi. Ruwa ya jiƙa fallen waje, rana ta leƙo ta gasa shi ya manne, cikin ya ruɓe. In ka matsa sai wani ruwa mai wari ya fito. Haka ya yi mini damina biyu.

Rifkatu ta sha gaya mini, "Ki sa wuƙa ki rage shi, Kande. Tsakiyar damina ki yanke rabinsa, ya sake sabon toho, furen ya zo bayan ruwa ya ɗauke."

Na ce, "A gidan uban wa ake sare abin da ke tsiro da damina?"

Gaskiyar magana, hannuna ne ba zai iya kai wuƙa wurin nan ba.

Shekara ta huɗu ita ce shekarar da nake nufi. Daminar da ta gabace ta fari aka yi, dawa ta bushe tana tsaye, abin da muka girba bai cika rumbu ɗaya ba. Surukina ya riga ya rasu. Maigidana ya tafi ci-rani Kudu, ciwo ya kwantar da shi can, bai samu dawowa noma ba. Sai wansa, Yaya Iro, ya tattaro daga Kaduna inda aikin masaƙa ya ƙare masa, da matarsa Lantana da 'ya'ya uku. Muka zama baki bakwai a kan rumbu guda.

Yaya Iro ƙato ne, murya kamar ganga, in ya kama garma sai ka ce ƙasa ta zage shi. Ba mugu ba ne. Amma yana birni lokacin da aka yi haihuwar da rasuwar, ya dai ji labari, bai san inda aka sa ta ba. Ni kuma wan miji ne, ko ido ba na haɗawa da shi, balle in buɗe baki in yi masa zancen 'yar fari.

Bazarar shekarar ta yi zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa ta tsage, kaji suna buɗe baki a gindin randa, in ka taka tsakar gida ba takalmi da azahar sai tafin ƙafarka ya ɗuri ruwa. Rijiya ta janye, sai an ƙulla igiya biyu guga ya taɓo laka. Kowace mace tulu biyu ne rabonta. Ni ruwan wankana nake rabawa biyu, rabi a jikina, rabi a bayan ɗaki. Wata safiya Yaya Iro ya kama ni.

"Kande, ƙayar nan taki me take haifa? Miya ake yi da ita?"

Na durƙusa. "Ba a ci, Yaya."

"Magani ce?"

"A'a."

"Ba a ci, ba a sha, ba a jinka da ita, ga ta tana shan ruwan kunun yara. Ko dai budurwar aljani kike kiwo?"

Lantana ta tuntsire da dariya. Inna tana bakin ƙofarta tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba.

Ruwa ya makara. Da ya tashi zuwa kuwa bai yi sallama ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin da la'asar, iska ta zo ta yaye jinkar ɗakin girki ta kai ta gonar maƙwabta, tsawa ta raba wata tsohuwar ɗorawa gida biyu. Washegari kowa ya fita. Maza na gaba da sungumi suna sara, mu mata na biye muna jefa iri muna takewa da diddige. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, ciki kuwa ba kowa. Shukar farko tsutsa ta cinye, muka sake. Irin na biyu daga rumbu aka ɗebo shi, kowa na kallo.

Noman firi, wato na farko, gayya aka yi, don mutum ɗaya ba zai iya gonar gandu ba. Maza goma sha wani abu suka jeru, mai ganga na zuga su, mu muka kai musu kunun tsamiya wanda in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. Ba wanda ya yi ƙorafi, kowa ya san abin da ya baro a gidansa. Haka aka yi maimai, haka aka yi huɗa, gonar wannan yau, ta wancan gobe.

A gida Inna ce mai rumbu. Kullum bayan sallar asuba za a ɗaga hularsa, Yaya Iro ya shiga ya miƙo zangarniyar dawa daidai yadda ta ce. Ni da Lantana mu sussuke, mu surfa, mu niƙa a dutse. Tuwo sau ɗaya a yini. Sauran cikin a cika shi da kwaɗon tafasa da rama da zogale, ranar da babu ƙuli-ƙuli a ci da gishiri kawai. Yara suka koyi lashe muciya. Inna ta ce in aka bi a hankali abin da ke rumbu zai kai mu masara ta nuna. Mako biyar ya rage.

Sai marka ta sauka. Kwana shida ba mu ga rana ba. Ruwa ba ya tsayawa, sai dai ya rage murya ya sake ɗagawa. Gishiri ya narke a kasko, tabarma ta yi funfuna, zani ba ya bushewa sai dai a ɗaura shi da danshi. Itace ya jiƙe, in ka hura wuta hayaƙi kawai kake sha har idonka ya yi ja. Ga wani zafi mai maiƙo da ke tasowa daga ƙasa, gumi na bin baya alhali ana ruwa. Bangon ɗakuna ya yi laushi, in ka danna yatsa sai ya lotsa. Wardina kuwa ya yi tsawo ya kai ƙirjina, da ƙulli huɗu a kansa, ina kallonsu suna yin ruwan ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta bakwai, Alhamis, bayan azahar, ƙanƙara ta fara. Kamar ana jifanmu da tsakuwa daga sama. Ta kashe mana 'yan tsaki, ta tsattsage ganyen masara. Tana tsayawa aka kwance bakin ruwa. Katangar maƙwabcinmu ta zube ta toshe rariyar da ruwan gidanmu ke fita. Kafin a ce kwabo ruwa ya kai ƙauri, jajawur, yana juyi a tsakar gida yana neman hanya. Ya rufe duwatsun da rumbu ke zaune a kai, ya fara lasar gindinsa.

Na ji Yaya Iro yana ihu, "Lantana, diga! Miƙo mini diga!"

Na leƙo. Yana tsaye tsakar ruwa ba riga, yana duba inda ƙasa ta fi gangara. Kowa ya san inda ta fi gangara. Kusurwar bayan ɗakina ce. In ya fasa katanga a nan, ya zurfafa rami kamu biyu, ruwan gidan duka zai bi ya fice. Kamu biyu. Ni na san zurfin da aka sa ta, bai kai haka ba.

Ban san lokacin da na riga shi isa wurin ba. Na tsaya gaban wardin na buɗe hannuwa.

"Kauce, Kande!"

"Yaya, a fasa ta wajen turken awaki."

"Can tudu ne, mahaukaciya! Kafin in gama rumbu ya tafi. Kauce!"

"Ba a nan ba, Yaya. Don Allah ba a nan ba."

Na hango Inna a bakin ƙofarta, ta riƙe dogarin ƙofa, tana kallonmu. Na jira ta yi magana. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta kawar da kai.

Ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya watsar kamar damin kara. Na faɗa cikin wardin, ƙayoyin suka yage mini kunci da wuya, na sha ruwan laka. Ina ɗagowa na ga diga ta sauka. Saran farko ya zabge rassa, rabin itacen ya tafi da ƙullayensa, ruwa ya ja su. Sara na biyu ya shiga ƙasa, ya ɓanɓaro gunduma guda daga gindin.

Taɓaryarmu tana kwance cikin ruwa kusa da ni. Ta kirya ce, mai nauyi, wadda nake surfe da ita kullum. Ba zan ce shaiɗan ne ba, ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani. Na ɗauke ta da hannu biyu, na jira ya ɗaga diga karo na uku, na auna damtsensa na dama, na sauke ta yadda nake sauke ta a turmi.

Duk da rurin ruwan nan na ji ƙarar. Ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Diga ta faɗi. Ya yi wata irin ƙara, ya juyo, ya ɗauke ni da mari da hannun hagu. Na ga wuta. Haƙorina na gefe ya fita, na tofar da shi da jini. Ya shaƙo wuyana ya danna ni jikin katanga, idonsa kamar garwashi, hannun daman na lilo a gefensa ta inda ba gaɓa.

"A kan ƙaya? 'Ya'yana za su mutu da yunwa a kan ƙaya? Yau sai na kashe ki!"

Lantana na kururuwa tana jan wandonsa, yara na kuka a ɗaki. Numfashina ya fara tafiya. Da ɗan abin da ya rage na yi abin da ban yi ba tana raye.

"Zulai ce! Zulai ce a nan! A nan take kwance!"

Ya sake ni. Ya dubi ramin da ya fara, ruwa ya cika shi yana juyi. Ya dubi Inna.

"Inna?"

Ta ce, "Nan ne."

Daidai nan rumbu ya tafi. Bai yi wata babbar ƙara ba. Ya durƙusa ne ta gefe guda kamar tsohuwar saniya, cikinsa ya buɗe, dawarmu ta bazu a kan jan ruwa.

Kowa ya ɗauki abin da ya samu, ƙwarya, kwando, zani, muka shiga tsamo zangarniya daga laka. Ni da jini a baki, Yaya Iro da hannu ɗaya, yana tsamowa yana nishi, Inna da tsufanta a durƙushe cikin ruwa. Lantana ce ta ɗauki digar ta je ta fasa katanga ta wajen turken awaki. Sai gab da magariba ruwan ya janye.

Washegari mai ɗori ya zo, dattawan unguwa suka biyo shi. Ina ɗaki na ɗaure 'yan kayana, don na san hukuncin matar da ta daki wan mijinta. Ta cikin zana na ji liman yana tambaya.

"Malam Iro, garin yaya?"

"Rumbu ne ya faɗo mini."

"Ita kuma matar ƙaninka, an ce fuskarta a kumbure."

"Ita ma rumbun ne. Rumbu ɗaya, mutum biyu. Ku ja hannun nan ku gama, ina da aiki."

Da aka ja, ihunsa har hayin rafi. Na toshe kunnuwana, bai hana ni ji ba.

Abin da muka tsamo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma babu ranar shanya shi. Muka baza a ɗaki, muka soya wani a kasko, duk da haka ya tsira, ya yi funfuna. Tuwonsa baƙi, mai tsami, yana sa gudawa. Mun ci. Da ya ƙare muka koma ganye zalla, da ɗanyar masara wadda ba ta gama ƙwari ba, muna tauna har totuwa. Ƙaramar 'yar Yaya Iro ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya fara zuba. Kullum in na dube ta sai in ji taɓaryar nan a hannuna. Allah ya yi da sauran kwananta, yanzu tana da jikoki a Funtuwa. Amma da ta tafi, da ni na kashe ta, kuma na san haka tun a lokacin. Lantana ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba, ban ga laifinta ba.

Wata rana ina tsefe wa Inna kai, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Kina jin haushina."

Na ci gaba da tsifa.

"Jikata ce, ni na yi mata wanka. Na san inda take. Amma ina tsaye ina ƙirga baki bakwai masu numfashi. Da za a sake, haka zan sake yi."

Na ce, "Ni ma, Inna."

Ta ce, "Na sani. Ja a hankali, kina tsige ni."

Rifkatu ta ƙetaro rafi da rogo da gwaza a kwando, ta yi haka sau uku kafin masara ta nuna. Zuwanta na farko ta dubi fuskata ba ta tambaya ba, ta zagaya bayan ɗaki. Na riga na mayar da ƙasa na daddanne. Abin da ya rage na wardin guntayen rassa uku ne, ba ganye.

"Wa ya yi masa aski?"

"Yaya Iro. Da diga."

"To ya yi masa gatan da kika hana shi shekara uku. Kawo wuƙa in daidaita bakin saran kada ya ruɓe."

Mako biyu sai ga jan toho yana fitowa ta ko'ina. Ruwa ya fara ja da baya, rana ta dawo, aka fara karyar masara, hayaƙin gashi ya tashi a kowane gida, yara suka tuna da wasa. Lokacin da dawa ta fitar da kai, iska ta bushe, sai ga ƙulli ɗaya. Guda ɗaya tak. Ba ruwan da zai jiƙa shi. Kullum da asuba in je in duba, ya ɗan saki falle ɗaya, gobe wani. Kwana tara ya yi yana wannan yanga. Rana ta goma na zagaya na same shi a buɗe, faɗinsa ya cika tafin hannu, ja har yana baƙi-baƙi a tsakiya. Ƙamshinsa ya riga ni isa kusurwar.

Ina durƙushe a wurin na ji tari a bayana. Yaya Iro ne, hannu rataye a wuya da tsumma. An kwance karan ɗori, amma hannun ya kama a karkace, kuma haka ya zauna har ya koma ga Allah. Tun ranar rumbu bai yi mini magana ba. Na yunƙura zan tashi in ba shi wuri.

"Zauna."

Ya daɗe yana kallon furen.

"Wannan ne? Shi ke nan? Guda ɗaya?"

"Shi ne, Yaya."

"Rumbu guda da hannu guda." Ya girgiza kai. "Wallahi Kande, ko goron Gwanja bai kai shi tsada ba."

Ya sunkuya da ƙyar ya shinshina. Ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Sannan ya tsuguna a gefena, abin da wan miji ba ya yi, ya sa hannun hagu ya shafa ƙasar da na daddanne.

"Ita yarinyar, wa ta ɗebo? Mu ko ku?"

Shekara huɗu ba wanda ya taɓa tambayata komai a kanta. Na buɗe baki, na ji muryata kamar ta wata.

"Ku ta ɗebo, Yaya. Goshinku ne da ita. Ga faɗa. In nono ya makara sai ta dunƙule hannu."

"A'a," in ji shi, yana duban hannunsa, "wannan kam ba mu ta ɗebo ba."

Na yi dariya da giɓina, dariyar ta juye ta zama kukan nan da aka ce in haɗiye. Bai ce in haɗiye ba. Yana tsugune har na gama. Da kaka ta yi, da hannu ɗaya ya kafa wa wurin shinge, ya gyara rariya ta wajen turken awaki, ya haƙa mata hanya mai nisa wadda ta zagaye gidan.

Yanzu gidan bulo ne da kwano, hatsi a buhu yake cikin sito, jikokina ba su san ɗanɗanon tafasa ba. Wardin ya tsufa, gindinsa ya yi kauri kamar damtse. Duk shekara in marka ta kai tsakiya nakan ɗauki wuƙa in zabge rabinsa da hannuna, jikoki na cewa Hajiya ba ta da tausayi. Jiya na yi na bana.

Sanusi, gobe in ka shigo zan miƙa maka takardun nan, ka karanta a zaune. Rumbu bai taɓa Baba Iro ba, uwarka ce. Magudanarka ta bi ta inda tasa ta bi, ko siminti buhu nawa za ta ci. Wadda ke bayan ɗakina yayarka ce. Sunanta Zulai.